Ranar da Aka Hana Hajo Tsalle

Ranar wata Laraba, shekarar da na yi sallama da boko daga aji huɗu, yayata Hajo ta kayar da ni a langa gaban yaran unguwarmu kaf a Dandin Mahe. An gama cire albasa, fili ya bushe. Ta tamke zane, ta riƙe ƙafa ɗaya ta baya, ta biyo ni da tsalle har gindin tsamiya, ta banke ni da kafaɗa na ci ƙasa. Shekarunta goma sha uku. Langa wasan maza ce, amma Hajo ba ruwanta. Ita ce mai tsallake rijiyar lambu, ita ce mai riga jakin Baba isa gona.

Ni kuwa, a matsayina na babban ɗan bokon gidan, na ga ya wajaba in ceci mutuncin zuriya. Na tafi wurin Inna, kakarmu, na tsara mata rahoto har da ƙarin gishiri. Inna, kamar sauran tsofaffin lokacin, ta yi imani cewa ɗiya in ta fara girma tana tsalle, mahaifarta sauka take yi, ba ta riƙe ciki. Ta kira Hajo ta ce, "Daga yau ƙahwarki ba ta ƙara rabuwa da ƙasa."

Haka aka yi. Aka karɓe mata tulu da taɓarya, wai gata, aka zaunar da ita a inuwar rumbu tana ware ruɓaɓɓiyar albasa daga mai kyau, shekara bayan shekara. Ta yi haske, ta yi laushi, mata suna ta yabon natsuwarta. Ni kuma na zama gwanin langa, ba mai ja da ni.

Bara, duk mun tsufa, Hajo ta zame a dokin ƙofa, faɗuwar da ba ta isa fasa ƙwarya ba, kwatangwalonta ya karye. Mai ɗori ya taɓa ya ce ƙashin kamar karan da gara ta ci. A asibiti a Boɗinga, wata likita sa'ar jikata ta ce tsufa da haihuwa suna cin ƙashin mace, amma ƙarfin da zai jure musu tun ana budurwa ake tara shi, da gudu da tsalle da ɗaukar kaya. Na gyara hula na ce ai mu 'yan boko mun daɗe da sanin haka.

Hajo ta dube ni daga kan gado. "To, Malam Bello, mi ya kai ka wurin Inna?"

Shekara hamsin ina zaton ba ta san ni ne na kai ƙararta ba.

Yanzu 'yan mata suna tsere a filin makaranta da hijabinsu, malamai na tafa musu, ba mai kai ƙara. Hajo tana jin hayaniyarsu ta katanga, kuma har yau ba ta sake takawa ba. Kullum ni ke kai mata fura, da ƙafafuna biyu lafiyayyu. Wannan zaman nata, ni na fara shi.