Fankar da Labbo ya haɗa wa maƙerar babansa

Labbo taubashina ne, don haka ina da ikon faɗin gaskiya a kansa. A Birnin Tsaba aka haife shi, gidan maƙera, kuma bahago ne. Babansa, Usmanu Maƙeri, ya sha ƙwala masa cokali a wannan hannu har ya koyi ci da miƙa abu da dama. Sauran ayyuka kuwa hagun ta ci gaba da yin su a ɓoye.

Ƙira ba ta karɓe shi ba. Ya gudo Ƙaura Namoda ya kafa rumfar gyaran fanka da rediyo, ya ƙware a naɗin waya, ya kuma koyi surutu.

Bara kafaɗun Baba Usmanu suka gaza. Duka da masaba yana iyawa, amma zugazugi ya fi ƙarfinsa, masu zuga masa kuma duk sun koma kabu-kabu. Tsohon ya fara zancen rufe maƙera. Abin ya dami Labbo ƙwarai, don ya san ranar da wutar nan ta mutu, babansa zama zai yi ya jira tasa.

Sai ya ce zai haɗa masa moto, wato ɗan injin da batir ke juyawa, ya ɗaura masa farfela ta hura gawayi. Ya ciro mayen ƙarfe daga tsofaffin lasifiku, ya naɗa wayar jan ƙarfe, ya ishe ni da lissafi. Wai ƙarfin turin shi ne ƙarfin mayen ƙarfe sau wutar da ke bin waya sau tsawon wayar, kowane zagaye kuma ƙari ne. Idan naɗi ya yi kaɗan batir ya sha wuya, waya ta yi zafi. Ni dai shayina nake sha.

Wanda na riƙe shi ne na yatsu. A miƙe uku na hannun hagu: manuniya ta bi inda ƙarfin mayen ƙarfe ya nufa, na tsakiya ya bi wuta, babban yatsa ya nuna inda wayar za ta tafi. A rumfa abin ya juya lafiya lau.

Muka kwance shi, muka ɗora a babur sai Birnin Tsaba. Da aka zo mayar da mayen ƙarfe, dole a sake gwada yatsu. Ga Baba zaune daf da shi, ga dattawa sun zo kallo. Na ga hagun Labbo ta taso, ta tsaya, ta koma aljihu. Ya miƙe yatsun dama.

Ya jona batir. Farfela ta juya a baibai, ta zuƙo tokar murhu kaf ta watsa wa mai maƙera. Gemun Baba ya yi fari fat, Malami mai goro ya faɗi da dariya. Ni ma na yi, Allah ya yafe mini.

"Wanga shi na aikin da ka koyo Ƙaura?" in ji Baba, yana tari.

Labbo ya durƙusa. "Baba, lissahin na hannun hagu na. Ban iya ɗaga ma hagu gaban mutane."

Tsohon ya share fuska, ya juya ya fuskanci bango.

"To ga ni na ba da baya. Yi da wanda ya iya."

Labbo ya miƙe yatsun hagu, ya ga kuskurensa, ya sauya wayoyin batir. Iska ta shiga gawayi, wuta ta tashi ja wur. Baba bai ce an kyauta ba. Awartaki ya laluba, ya tura guntun ƙarfe cikin wuta, ya ce wa Malami ya matsa, yana tare masa haske.