Ranar da Kaka ta Shanye Waƙar Jaki

Duk ƙasar Adar, daga Madawa har duwatsun Keita, ba a taɓa yin marubucin da mata suka yi wa cincirindo a ƙofar gida kamar ni ba. Wanda ya musa ya je ya tambayi tsofaffin garinmu, in ya tarar da mai sauran numfashi.

Tun ina ƙarami rubutu ba ya wuce ni. Na karanta allona, na karanta na maƙwabta. Takardar da aka ƙunso sukari ma sai na shimfiɗa ta na yi ta kallo, ko da yake baƙaƙen Nasara ne, ban san gabansu da bayansu ba a lokacin. Mahaifina yakan ce da a jikin shanu ake rubutu, da ban taɓa ɓatar da ko maraƙi ba wajen kiwo.

A shekarun yaƙin Nasara, ina saurayi, takarda ta fi nonon kaza wuya. Sai allo. A kansa na tsara waƙata ta farko da ajami, baiti ashirin, kan jakin kawuna, wanda in an ɗora masa albasa za a kasuwar Madawa sai ya kwanta tsakiyar hanya yana tunanin duniya. Kwana bakwai ina fama. Tawadar ma da kaina na haɗa, baƙin tukunya da ƙaro, ta yi kauri. Burina ɗaya ne, wani ya karanta ya ce, wane gwani ne ya yi wannan? Don haka na jingine allon a gindin rumbu, inda kowa zai gani, na tafi gona.

To, kakata ta wajen uba tana fama da ciwon gwiwa, kuma ta fi wata guda tana roƙona in yi mata rubutun sha, ni kuwa kullum sai in ce gobe. Da na dawo da la'asar na tarar da allo fes, kamar yau aka sassaƙo shi. Ga ta zaune, ga ƙwarya a kife.

"Angona," ta ce, don haka take kirana, "yau kam ka yi aikin maza. Ciki da baya ka cika shi, na wanke na shanye tas."

Na dubi allo, na dubi ƙwarya. Baiti ashirin, da jaki, da albasa, duk suna cikin tsohuwa.

Abin haushi, kafin kwana uku gwiwa ta saki. Ta tafi rijiya da ƙafarta, abin da ta yi damina biyu ba ta yi ba, ta baza labari. Washegari ƙofar gidanmu ta zama kasuwa. Mai ciwon baya, mai goyo, mai kumburin ciki, kowace da ƙwaryarta, wata har da ƙwan zabi. Ina tsoron Allah, don haka addu'o'i na gaskiya na riƙa rubuta musu. Na yi suna, amma ba wadda ta taɓa duban baƙi ɗaya. Suna karɓa sai ruwa.

Abin ya ci mini rai. Na sake tsara waƙar daga ka, na sami kaka a inuwa tana kaɗi, na faɗa mata gaskiya.

"Matata, abin da kika sha ran nan waƙar jaki ce."

"Wane jaki?"

"Na kawu."

"Wanga ragon? Shi ya sa na ji ta kwanta mini a ciki. To karanto mu ji."

Na gyara murya, na rera mata tun daga farko har ƙarshe, ina kaɗa kai. Ita ce mai saurarona ta fari a duniya. Yau ina da adaka biyu cike da takardu, na koyi boko wurin wani tsohon soja, na karance abin da raƙumi ba zai iya ɗauka ba, amma ban taɓa jiran hukuncin wani kamar yadda na jira nata a ranar ba.

Ta ajiye mazari, ta dube ni da tausayi.

"Allah shi yi maka albarka, angona. Gwamma da na sha ta. Da ta kunne ta shiga, da ciwon ya bar gwiwa ya koma kai."