Taki Buhu Uku a Gonar Baba Danladi

Ranar Talata, ƙarfe biyar da rabi na asuba, muka tashi daga tashar Jabi, ni da Dokta Rabi mai nazarin ƙasar noma. Baba Danladi, manomi a wani ƙauye bayan Bwari, shi ya kira shirinmu na rediyo ya ce masararsa na mutuwa, kuma ita ce abincin gidansa na shekara.

A Dutsen hanyar Bwari muka tsaya a shingen bincike. Jami'i ya ɗaga ƙarfen haƙar ƙasa na Dokta.

“Madam, zinari za ku tono?”

“Da ma shi ne, oga,” in ji direba. Aka bar mu muka wuce.

Bakwai saura kwata muka sauka Bwari, muka sha koko da ƙosai, muka hau babur. Minti ashirin muna gonar.

Ganyen masarar na ƙasa-ƙasa duk ya yi rawaya, jijiyoyinsa kaɗai suka rage kore. Dokta ta durƙusa ta duba.

“Baba, me ka zuba?”

“Takin fotash, 'yata. Na kai ganye wajen mai shagon taki, ya ce yunwa ce. Na sa buhu ɗaya, bai gyaru ba. Ya ce ƙara. Na ƙara. Ya ce ƙara, na sa na uku.”

“Ya taɓa zuwa gonar?”

Baba ya yi dariya. “Da wannan farin takalmi nasa?”

Dokta ta ce ƙasa tana riƙe da sinadarai irin su fotash da magniziyam, saiwa kuma ta ƙofa ɗaya take ɗibarsu. Idan fotash ya yi yawa sai ya cika ƙofar, magniziyam ya kasa shiga, alhali shi ke sa ganye kore. Wato duk buhun da Baba ya ƙara, yunwar ya ƙara.

Raina ya ɓaci. Nan da inda ake zuba kwalta da benaye tafiyar awa ɗaya ce, amma babu wanda ya taɓa ɗibar ƙasar dattijon nan ya auna. Likitan gonarsa shi ne mai sayar da taki.

Dokta ta ɗebi ƙasa a wuri biyar don awo, ta hana shi ƙarawa, ta rubuta masa gishirin magniziyam na feshi. Da la'asar muka iso Jabi lafiya, mun gode Allah, mun gode wa Baba da doyar da ya dafa mana.

Awon ya tabbatar da maganar Dokta. Feshin ya zo a makare: rabin gonar kawai Baba ya girba.