Sawun Motar da Ta Tafi da Ƙasimu

Duk wanda ya bi ta Durba a shekarun nan da soja suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, ya san gidan Malam Shitu Direba ko ba a nuna masa ba. Gidan da mushen mota yake kwance a ƙofarsa, ƙarƙashin tsamiya, shi ne. Babbar mota ce irin ta soja ta da, mai dogayen ƙafafu da gajeren hanci. Kaji sun yi ƙwai a cikinta, awaki sun haihu a ƙarƙashinta, matan unguwa sun shanya kuɓewa a kanta har sun manta tana da mai ita. Ran nan, cikin shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, sai ga Malam Shitu da furfurarsa da ciwon gwiwarsa ya kori kajin, ya shimfiɗa buhu, ya shige ƙarƙashinta da sifana.

Mutanen gari, da ba sa rasa abin faɗa, suka ce tsufa ne ya taɓa shi. Masu tausayi suka ce fansho ne da bai zo ba. Duk cikinsu ba wanda ya tambaye shi, shi kuwa ba mutum ne mai ba da labarin da ba a nema ba.

Abin ya samo asali tun lokacin yaƙin basasa. Shitu yana saurayi, yaron mota ne a tashar Rano, da aka zo neman kurata ya ba da kansa. Motar soja ta kwashe su tana bin ƙauyuka, har ta tsaya a Zurgu, gindin wata kuka kusa da rijiya. Nan wani dogon yaro mai wushirya, Ƙasimu, ya ɗare bayan motar yana dariya kamar biki za shi. Uwarsa Iya Tani ta biyo shi a guje ko mayafi babu. A al'adar mutanenmu, in ɗa zai yi tafiya mai nisa, uwa takan ɗebi ƙasar sawunsa ta ƙulle a tsumma, wai ƙasar za ta janyo shi gida. To samari sun tattake wurin, sawu kan sawu, ta rasa wanne ne na ɗanta. Mota ta tashi. Shitu yana kallo daga baya, ya ga matar nan ta durƙusa ta ɗebi ƙasa daga sawun tayar motar, ta ƙulle a bakin zaninta. 'Yar ƙaramar 'yarta Maijidda tana tsaye tana riƙe da ita.

Shitu da Ƙasimu suka zama abokai irin waɗanda tsoro yake haɗawa. Shitu ya zama direba, Ƙasimu yana zama gefensa da bindiga. Shitu ya dawo. Ƙasimu bai dawo ba. Da hannunsa Shitu ya haƙa masa rami a wata jar ƙasa mai danshi, tsakanin itatuwan kwakwa, ya daidaita masa alƙibla iyakar saninsa, ya rufe shi.

Da aka sallame shi, kafin ya je gidansu sai da ya je Zurgu ya durƙusa gaban Iya Tani ya faɗa mata komai. Ta saurare shi har ƙarshe, ta ba shi ruwa, sannan ta ce, “Na ji, ɗan nan. Amma ni ba sawunsa na ɗiba ba, na motar na ɗiba. Motar za ta dawo. In ta dawo babu shi, ku shimfiɗa tabarma.”

Ba a shimfiɗa tabarma ba. Ba a yi zaman makoki ba, ba a daka gumba ba, ba a yi sadakar uku ba balle ta arba'in. Duk wanda ya ce “Allah Ya jiƙan Ƙasimu” a gidan nan, tsohuwa ba ta ce amin. Cewa take yi, “Allah Ya dawo da shi lafiya.” Liman ya yi magana, dagaci ya yi, ta ba su ruwa su ma.

Shitu ba sakarai ba ne. Da aka yi gwanjon tsofaffin motocin soja, ya haɗa abin da aka sallame shi da shi ya sayi ɗaya, irin waccan sak. Amma ciki ba ya jira. Ya shafa mata shuɗin fenti, ya sa tayoyin kwalta, ya shiga jigilar gyaɗa da dawa daga Kibiya da Rano zuwa birni. Wata ranar kasuwa ya ratse da ita Zurgu, ya tsaya gindin kukar, ya aika a kira tsohuwa. Ta fito. Ko ɗaga kai ba ta yi ta dubi motar ba. Ƙasa ta duba, inda tayar ta bi.

Ta ce, “Wannan ta 'yan kasuwa ce. Sawun waccan kamar an kwantar da tsani ne a ƙasa.” Ta juya ta shige.

Bai sake komawa da motar ba. Ta ci zamaninta ta mutu a ƙofar gida. Iya Tani ma ta rasu, ta bar wa Maijidda ƙullin ƙasar da amanar jira. Maijidda kuwa duk taurin kan uwarta ta gada, har da ƙari.

Abin da ya tashi Malam Shitu da sifana shi ne labarin da ya ji cewa idon Maijidda ya fara rufewa. Ya zauna ya duba, duk duniya su biyu suka rage da suka san fuskar Ƙasimu. In ta tafi da ƙullin nan a hannunta, to mutumin nan ya tafi ke nan ba a taɓa ɗaga hannu an roƙa masa gafara a gidan ubansa ba. Shi yana roƙa masa bayan kowace salla, amma a ganinsa addu'ar aboki daban, ta jini daban.

Aikin ya ci shekaru. Inji ya kafe, sai da aka sauke shi da igiya da reshen tsamiya. Ya yi ta sintiri zuwa Ƙofar Ruwa, inda ake sayar da gawarwakin motoci, yana tonon tsofaffin ƙarafa kamar mai kalar gyaɗa. Ranar Juma'a bayan masallaci tsofaffin soja 'yan'uwansa sukan taru a gindin tsamiyar, kowa da sandarsa, su yi ta gardama. Wani Mika'ilu, da igwa ta kashe masa kunne ɗaya, shi ya fi kowa ɗaga murya.

“Wannan koren bai yi ba, Saja! Wannan ai koren masallaci ne.”

“To kai da ka yi yaƙin a kicin, ina ka ga bayan mota?”

“A kicin? Wa ya tura taku da ta kafe a gada? Namu kore kamar miyar kuka ce da ta kwana.”

Haka aka yi ta gauraya fenti a gwangwani har Mika'ilu ya leƙa ya yi shiru. Shirunsa aka ɗauka shaida.

Matarsa Huseina ba ta hana shi ba, amma ba ta bar shi ya huta ba. Kullum ta kawo masa fura sai ta ce, “Malam, ga ta nan, in ka gama shayar da ƙarfen ka sha saura.” Ita kaɗai ya gaya wa dalili, ita kuwa ko 'ya'yanta ba ta gaya wa ba.

Inji ya tashi, birki ya kama, aka ɗinka tamfol a Rano aka rufa mata. Saura taya. Tayar soja mai sawun tsani ta ɓace daga kasuwa tun da daɗewa. Da ƙyar ya samo biyu, ɗaya a wurin wani mai amalanke a Rurum Sabon Gari, ɗaya a bakin wata rijiya an kafa ta ana ɗora guga. Mai faci ya yi musu abin da zai iya. Malam Shitu ya jingine su a zaure ya ce sai sun cika huɗu. Ya riga ya sha kunya sau ɗaya a gindin kukar nan, ba zai koma da rabin gaskiya ba. Damina ta wuce, wata ta wuce, tayoyi biyu suna zaure.

Farkon wata damina, ana tsakiyar hayaniyar zaɓe, sai ga ɗan Maijidda a kan babur. Zainulabideen sunansa, malamin Islamiyya ne, yaro mai ladabi. Ya tsuguna ya gaida Malam Shitu.

Ya ce, “Baba, jikin Inna ya yi nauyi. Ko kunu da ƙyar take sha. Ta ce in ta cika a ba ƙanwata ƙullin nan ta ci gaba da jira. Ni kuwa, Baba, ba zan ɓoye maka ba, ba zan bari ba. Ƙasa ba ta dawo da kowa. Ranar da aka kai Inna, rijiya zan jefa shi.”

Malam Shitu ya ce, “Ba ka yi ƙarya ba, ƙasa ba ta dawo da kowa. Amma ka taɓa jin uwarka ta ce Allah Ya jiƙan wanta?”

Yaron ya sunkuyar da kai. “Ban taɓa ji ba.”

“To shi nake nema. Ka bar mini ƙullin a hannunta tukuna.”

Da baƙon ya tafi, ya shiga zaure ya zauna gaban tayoyin nan biyu ya zuba musu ido. Huseina ta zo wucewa da tsintsiya ta tsaya a kansa.

“Malam, kai ne direba, ni shara ce aikina. Amma shekara da shekaru ina share bayan motar nan, ban taɓa ganin sawun tayar gaba ba. Ta baya ce take take shi. Wanda tsohuwa ta ɗiba na baya ne. Ka sa su a baya ka tashi, kafin ka tara huɗu ka rasa mai dubawa.”

Ya dube ta. Ya miƙe ya ɗauko jak.

Da hantsi washegari, bayan an kwana ana yayyafi, tsofaffin soja suka tura ta ta tashi. Mika'ilu ya kama ƙofa zai hau, Malam Shitu ya ce a'a. Ba kowa a baya, ba kowa a gefe. Wayam za ta je.

A hanya an ɗan sha kallo. Da ta ratsa Rano tana ruri, kore shar da tamfol, masu shayi suka miƙe, wani ya ruga neman rediyo ya ji ko an yi juyin mulki ne, wani mai shago ya yi wuf ya ɓalle hoton ɗan takara daga ƙofarsa. Sai da suka hango farin gemu da hula zanna a bayan sitiyari sannan aka koma zama ana zagin juna. Malam Shitu bai ko waiwaya ba. Gwiwarsa na zafi duk sanda ya taka kulochi, idonsa na kan hanya.

Kukar tana nan a Zurgu, rijiyar ce aka yi wa siminti. Ya shigo a hankali, ya miƙe sitiyari sosai don ta baya ta hau kan ta gaba, ya wuce gindin kukar kaɗan, ya kashe inji. Ƙasa mai laushi ta karɓi sawun, gaɓa-gaɓa, tun daga bakin hanya.

Zainulabideen da ƙanwarsa suka fito da Maijidda, suna riƙe da ita hagu da dama. Ta zama 'yar ƙanƙanuwa, idanun sun yi fari. Ta ce a sauke ta ƙasa. Ta shafa sawun da tafin hannu, ta bi gaɓoɓin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe tana bi.

Ta ce, “Yaya Shitu, kai ne?”

“Ni ne, Maijidda.”

“Ita ce wadda ta ɗauke shi?”

Mutane sun taru. Malam Shitu ya ce, “Ba ita ba ce. Waccan ta ƙone a can. Wannan irinta ce, tayarta irin tata.”

Ta gyaɗa kai. “Da ka ce ita ce, da na koma ɗaki. A kai ni bayanta.”

Aka ɗaga ta, aka ɗage tamfol. Ta miƙa hannu cikin motar ta shafa katakon, iyakar inda hannunta ya kai. Sannan ta ɗaga murya, muryar da ba wanda ya zaci ta rage mata, ta kira, “Yaya Ƙasimu!” Ta saurara. Ba abin da ya amsa sai ɗigar ruwa daga tamfol.

Ta sa hannu a lalitarta ta ciro ƙullin. Tsumman ya yi baƙi, ya ƙi kuncewa, sai da ɗanta ya sa haƙori. 'Yar ƙasa ce da ba ta cika tafin hannu ba. Ta zuba ta cikin sawun tayar, ta shafe da hannu.

Ta ce, “Allah Ya jiƙan Ƙasimu. Zainu, ku shimfiɗa tabarma.”

Malam Shitu ya ce amin, ya jingina da ƙofar motar, ya zame ya zauna a ƙasa.

Aka yi zaman makoki kamar jiya aka yi rasuwar. Mata suka daka gumba, aka toya waina, mutane suka zo daga Rurum da Durba suna yi wa Maijidda gaisuwa tana amsawa. Zainulabideen ne ya ja addu'a, ya ambaci sunan kawun da bai taɓa gani ba. Maijidda ta ga sadakar bakwai. Ba ta ga ta arba'in ba, sai aka haɗa da tata.

Motar ta koma ƙarƙashin tsamiya a Durba. Malam Shitu yakan goge ta ranar Juma'a, tsofaffi su taru su ci gaba da gardamar kore. Wani dillali ya zo masa da albishir ya samo sauran tayoyi biyu, ya ce a bar wa mai amalanke. Da kaji suka fara komawa ciki, Huseina ta ɗauko tsintsiya za ta kore su, ya ce ta ƙyale su.