Hannun da Ke Tada Ƙullu

Idan rana ta karkata, masu cin abincin rana sun watse, an kwashe ganyen ayabar da suka ci a kai an zubar wa shanu, a lokacin ne aikin Vadivu na gaske yake farawa. Za ta tsame shinkafar da ta jiƙa tun hantsi, da ƙananan waken nan ɓararru, da 'yar hulba, ta zuba a injin markaɗe ta tsaya a kansa. Ba ta zama. Injin na gurnani tana tura ƙullun da gefen tafinta, tana yayyafa ruwa, har sai ya yi laushin da take so. Daf da faɗuwar rana sai ta wanke hannunta na dama har gwiwa, ta barbaɗa gishiri, ta tsoma hannun cikin babbar tukunya, ta yi ta juyawa daga ƙasa zuwa sama. Ta rufe, ta lulluɓe da tsohon buhu, ta fita ta ƙofar baya. Kafin gari ya waye ta dawo ta wannan ƙofar, kuma ita ke fara ɗaga murfin.

Haka ta yi shekara talatin da ɗoriya a gidan abincin Sorimutu, nan bayan tsohuwar tashar mota ta Tirunelveli. Tebura 'yan kaɗan ne, da fanka mai ƙara, da shuɗin labulen da ya raba mu da kicin. Da safe mu karya da idlinta, ƙullun nan da ta turara ya fito fari tas, da taushin da ko mara haƙori ba ya wahala. Da rana mu dawo a malala mana miyar kifinta a kan shinkafa, ga tsamiya ga barkono, muna gumi muna neman ƙari. Amma da yawanmu ko a hanya muka haɗu da ita ba za mu gane ta ba. "Hannun Vadivu" kawai ake cewa, sai ka ce hannun ne ke zuwa aiki shi kaɗai ya baro mai shi a gida.

Mijinta ne ya fara aiki a gidan, yana ɗebo ruwa yana faskare, ita tana taya wanke-wanke. Zazzaɓi ya kwantar da shi, mako bai zagayo ba ya rasu, aka kai gawarsa bakin kogi aka ƙone. Ta cire furen kanta, ta goge jan ɗigon goshinta kamar yadda matar mamaci ke yi a nan, ga jaririya a hannu. Da kwanakin makoki suka cika ta dawo, sai uwar Sorimutu, tsohuwa mai kaifin harshe, ta tare ta a ƙofa.

"Ina zuwa? Matar mamaci a gidan abinci? Wa zai karya da abin da kika taɓa? Ko ƙullu ba zai tashi a hannunki ba."

Sorimutu mutum ne mara son hayaniya, amma ya ga jaririyar. Ya ce, "To, Inna, a gwada mana. Ta dama na yau. In bai tashi ba, ni da kaina zan sallame ta."

Da safe ƙullu ya ture murfi ya malalo har ƙasa. Tsohuwa ta leƙa, ta taɓe baki, ta ce, "Ta zauna. Amma kar mai ciniki ya fara ganin fuskarta da safe."

Kowa a nan ya taso yana jin cewa ƙullu ya san hannu. Akwai hannu mai ɗumi da ke tada shi, akwai wanda in ya shiga ƙullun ya kwanta ke nan. To, tun daga wannan safiya ba wanda ya sake tsoma ko yatsa a tukunyar nan sai Vadivu. Ba a koya wa kowa ba, don me za a koya? Ai ba ilimi ba ne, hannu ne. Kuma duk gidan ba wanda ya kai ita kanta yarda da wannan magana, domin hannun nan ne ya hana a kore ta, shi ya ciyar da 'yarta Sundari har ta yi karatu ta yi aure ta tare a Chennai. Duk shekarun nan Vadivu ba ta taɓa kwana a wajen garin nan ba. Ranar bikin 'yar ma, ana tsakiyar raba abinci ta zame ta zo ta dama ƙullu, da zanenta na biki a jiki.

Ku tambayi Tangaraj, tsohon direban bas, labarin shekarar da kogi ya shigo gari. Yana kan rufin motarsa a tasha ya hango mace ɗaya tana ratsa ruwa iya ƙirji, ta ɗaga hannun dama sama don kar ruwan ƙazanta ya taɓa shi. Ta isa ta ɗora tukwane a kan tebur, ta hura wuta a saman bene. Ranar duk wanda ruwa ya tsare a tasha ya ci idli mai zafi, kuma Sorimutu aka yi ta sa wa albarka.

Ku tambayi Malliga, matar Kasi ɗan Sorimutu. Tana sabuwar amarya ta ƙona miyar kifi tukunya guda, ana saura kaɗan a buɗe ƙofa. Kafin kakar mijinta ta buɗe baki, Vadivu ta riga ta ce, "Ni ce na manta wutar." Ta sha zagin da ba nata ba, kanta a sunkuye, sannan ta ja yarinyar gefe ta nuna mata lokacin da ake rage wuta. Har yau Malliga ba ta iya ba da wannan labari ba tare da ta share ido ba.

Da ciwon ajali ya kama Sorimutu, komai aka ba shi sai ya dawo, ban da idli ɗaya da aka jiƙa a ruwan masoro. Vadivu ke yi masa kullum, ta miƙa wa Malliga daga bakin ƙofa. Ya aika a ce ta shigo ya gan ta, ta ƙi, wai kar a ce matar mamaci ta shiga ɗakin mara lafiya ya cika. Ya rasu bai yi mata godiyar da ya so yi ba.

Ke ce, Iya Vadivu, kika ciyar da gari ta bayan labule. Ke ce aka ce hannunki na da albarka, fuskarki kuwa aka ce a ɓoye ta, kika karɓi duka biyun ba ki ce uffan ba. Mun yaba gishirinki, mun yaba tsaminki, ba mu taɓa tambaya ko ke kin karya ba. Abin da ciwo, kuma ba wanda zai ce bai sani ba.

Watannin baya, da yamma, Malliga ta shiga kicin ta same ta zaune a ƙasa, hannu cikin tukunya, baki ya karkace. Aka kwashe ta zuwa asibiti. Magana ta dawo, ƙafa ta dawo da jan ƙasa, hannun dama kuwa ya tsaya a rataye. Kasi ya rasa ta yi, ya shiga sayo ƙullun leda a kasuwa.

Tangaraj ya ɗaga idli ɗaya ya ƙwanƙwasa a tebur. "Kasi, ƙaro mini biyu in tokare tayar mota."

"Ci ka tashi, Kawu. Da haƙoran naka huɗu har kana da zaɓi?"

"Huɗun nake tausaya wa. Ina mai hannun?"

Kasi ya juya ya koma kicin, dariyar ma ba ta yi nisa ba. Masu zuwa da safe suka fara raguwa, kuma cinikin rana shi kaɗai ba ya riƙe gidan. Kasi ya faɗa wa matarsa gaskiya: in ƙullu bai dawo ba, zai ba masu sayar da waya hayar shagon mahaifinsa, shi ya nemi aikin tuƙi.

Sundari ta zo daga Chennai da niyyar tafiya da uwarta. Vadivu ta ce a ba ta 'yan kwanaki. Ta sa aka kawo ta a keke mai ƙafa uku, ta shiga ta ƙofar baya, ta zauna a 'yar kujera kusa da inji, ta ce da Malliga, "Wanke hannunki har gwiwa."

Malliga ta ja da baya. "Ni, Iya? Hannuna sanyi gare shi. Ko nono na ɗora ba ya kama."

"Wa ya gaya miki?"

"Kowa ya sani."

"Kowa ya taɓa barinki kin gwada? Wanke, na ce."

Ta wanke. Vadivu ta kama mata wuyan hannu da hagunta, ta tura shi har ƙasan tukunya. "Daga ƙasa za ki ɗebo. Buɗe yatsun, ba dambe kike yi ba. Yawwa. Ci gaba har sai kin ji ya yi miki sauƙi."

Malliga na juyawa tana hawaye. Ta ce, "Iya, don girman iyayenki, ki sa naki. Ko yatsa ɗaya ne, ni zan ɗaga miki hannun. Ba wanda zai sani."

Vadivu ta dubi hannun da ke kwance a cinyarta. Ta so, ƙwarai ta so. In ƙullun nan ya ƙi tashi, gidan da ya rufa mata asiri ya rufe ke nan. In kuwa ya tashi a hannun wata, to ita ba ta da sauran abin yi a nan, sai ta bi 'yarta zuwa garin da ba ta san kowa ba. Ta ce, "In na sa ya tashi, za ku ce ni ce. Ran da na mutu sai ku rufe shago. Juya."

Washegari su uku suka tsaya a kan tukunya, gari bai gama wayewa ba. Kasi ya kai hannu, matarsa ta buge shi. Vadivu ta janye buhun da hagu, ta ɗaga murfin. Ƙullu ya cika tukunya har baki, ya yi ƙumfa, ƙamshin tsaminsa ya cika kicin.

Kasi ya yi ta dariya yana bubbuga bango, ya fita da gudu buɗe ƙofar gaba. Malliga ta durƙusa ta taɓa ƙafafun Vadivu, ta ɗago tana murna, sai ta ga tsohuwar ta ƙura wa tukunya ido, ba alamar murna a fuskarta.

"Iya, ya tashi fa. Ba ki ji daɗi ba?"

"Na ji, 'yata. Na ji." Sannan ta ce a hankali, "Ashe a kowane hannu yana tashi."

Malliga ba ta gane ba, sai da Vadivu ta ci gaba.

"Shekarar da aka haifa wa mijinki ƙanensa na ƙarshe, aka aiko mini daga ƙauyenmu cewa uwata na kwance tana kirana. Na ce sai an samu rana. Bayan kwana biyu aka aiko ta rasu. Kin san wanda ya shiga gidan gawa ba ya taɓa abincin mutane sai kwanakin makoki sun cika. Na ce wa zai dama ƙullu duk waɗannan kwanaki? Ban je ba. Ban faɗa wa kowa a gidan nan ba. Na yi kukana a cikin tukunyar nan, da safe aka ce idlin ya yi daɗi." Ta share fuska da gefen zanenta. "Da na sa wata ta dama, ashe da na ga uwata."

Ranar idli ya ƙare tun kafin hantsi. Tangaraj ya ci shida yana cewa, "Yawwa, mai hannu ta dawo." Ba wanda ya iya gaya masa cewa Malliga ce ta dama.

Mun gode, Iya Vadivu. Godiyar ta makara, kuma ba za ta mayar miki da komai ba, amma mun gode. Kin ba mu hannunki muddin yana motsi, da ya tsaya kuma kika ba da abin da ya fi wuyar bayarwa, kika yarda a gane ana iya yi ba ke. Duk mai wani aiki a hannu da ake ce masa sai shi, ya yi koyi da ke, amma ya yi da wuri: ya kama wuyan hannun na kusa da shi ya koya masa tun yana da ƙarfi. Mu kuma da muke zama a kawo mana, mu daina yabon mutum har yabon ya zame masa igiya.

Yanzu Vadivu tana Chennai, a wani ɗaki a hawa na uku, tana kallon titi ta taga. Malliga ta tilasta wa Kasi koyon damun, yana yi yana mita, kuma ƙullun yana tashi. Duk ƙarshen mako takan kira Vadivu a waya, ta shirya ba ta labarin ƙullu da ciniki da shegantakar Tangaraj. Tsohuwar ba ta barinta ta fara.

"Malliga, kin je kin duba uwarki?"

"Iya, aiki ya yi yawa. Sai wani makon."

"Ba wani mako. Ba mijinki tukunyar, ki hau mota gobe."