Tayil ɗin da na gasa a Kuje

Lokacin da aka kwaso ofishinmu daga Legas zuwa Abuja ina aikin buga tafireta. Ban samu gida a cikin gari ba, sai na kama ciki da falo a Kuje. Ranakun aiki ina bin motar ma'aikata, Asabar da Lahadi kuwa sai zaman shiru.

A Legas na taɓa koyon wani irin gashin yumɓu wurin wata malamar zane. Akan shafa wa abu ruwan ƙyalli a gasa shi, a ciro shi yana ja wur, a tura cikin garin katako a rufe. Hayaƙi sai ya bi tsagar ƙyallin ya bar baƙaƙen layuka siri-siri. Da ragowar ƙyallin na taho, don haka na haɗa murhu da tsohon duro da bulo a bayan ɗaki. Garin katako kyauta ne, ko'ina gini ake yi, kafintoci neman mai kwashewa suke.

Tayil nake so in yi. Sha biyun farko, ina ciro su duk suka fashe.

Maƙwabciyata dattijuwa ce Bagwariya, maginiyar tukwane, Mama muke ce mata. Ta shigo ta ɗauki gutsure ɗaya ta murza, ta tambaye ni me ake zubawa a wannan abu shimfiɗaɗɗe. Da na ce a bango ake manna shi, ta yi dariya har da zama.

"Madam, ƙasan naka bai da ƙashi," in ji ta. "Kawo turmi."

Ta sa na daka fasassun tukwanenta, muka cuɗa garin da yumɓun. Ciro abu da zafinsa bai ba ta mamaki ba, ta ce su ma haka suke janyo tukunya daga wuta su yayyafa mata ruwan makuba.

Da sababbin suka bushe muka gasa tare, tana ɓarar gyaɗa tana duba launin wutar. Tara suka fito lafiya, farare da zanen baƙi, babu biyu masu kama da juna. Na daɗe a tsugune ina wanke musu toka.

Daga nan Asabar ta zama tamu, damina ce kaɗai ke hana mu. Ran Litinin ƙaurin hayaƙi ba ya barin gyalena, har ogana ya tambaye ni ko tsire na fara sayarwa. Na kai masa tayil ɗaya, ya juya shi, ya juya, sannan ya danne takardunsa da shi saboda iskar fanka.