Saniyar Baffa Ardo ta kai ni mastar

Jama'a, yau saniya ta yi mini intabiyu!

Kun san na aika dosiye, wato takarduna, jami'a, ina neman mastar, digiri na biyu, a fannin sadarwa. Wurin da aka ce a rubuta aikin da mutum ya taɓa yi, na sa "babu". Cigiyar da nike karantawa a rediyon Gazawa ban ɗauke ta aiki ba.

Ƙarfe goma ina gaban mikro, sai ga kira. Farfesan jami'ar ne da kanshi! Yana ta zuba faransanci.

Sai ga Baffa Ardo, wani dattijon makiyayi, ya faɗo babu ko sallama.

"Ɗiyata, saniyata ta ɓace! Yau kasuwar Gangara, in aka saida ta na shiga uku!"

Na ce wa farfesa ya yi haƙuri minti biyu. Na aje wayar, ashe ban kashe ba. Na yi cigiya da Hausa, na maimaita da Fulatanci: fara ce, ƙahon hagu a karye. Ban rufe baki ba wani ɗan kabu-kabu ya kira, ga ta can bakin rijiya!

Na ɗauki waya ina ba da haƙuri. Sai na ji Hausa tsantsa daga bakin farfesa:

"An gan ta?"

"An gan ta, Malam."

"To wannan shi ne kika rubuta babu? Gyara dosiyenki, ki taho."

Baffa ya bi saniyarshi, ni kuma na bi tawa, wato mastar!